Allon zamiya na Toy Machine mai zanen Ed Templeton: abin da mai saye daga Maradi ya kamata ya sani

Kafin mutum ya aika a sayo masa allon zamiya na kamfanin Toy Machine, wato katakon nan mai taya huɗu da ake hawa a tsaye, wanda samari ke kira sikeitbod, akwai tambaya guda da ya kamata ya fara amsa wa kansa: hawa zai yi, ko ratayewa zai yi a bango? Allo ɗaya ba ya yin aikin biyu. Zanen yana ƙasan allon ne, ɓangaren da ke gogar siminti da bakin dakali, kuma wanda ya iya wasan zai kankare rabinsa cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya saya don zanen, to kada ma ya ɗaura masa taya. Wanda ya saya don hawa, ya sa a ransa cewa zanen baƙo ne. Yawancin masu da-na-sani a kan wannan kaya, tun daga wannan tambayar suka yi tuntuɓe.

Abin da ya bambanta allon Toy Machine da sauran shi ne mai kamfanin. Ed Templeton ɗan Kalifoniya ne, an haife shi a 1972, ya tashi a garin Huntington Beach na bakin teku, ya zama ƙwararren ɗan wasan zamiya a 1990, sannan ya kafa Toy Machine a farkon shekarun 1990. Bai yi makarantar zane ba. Yawon gasa ne ya kai shi Turai, ya riƙa shiga gidajen ajiye zane, ya dawo gida ya kama fenti da kyamara. Farkon inda aka san aikinsa wani ƙaramin zauren baje koli ne a birnin New York mai suna Alleged, na Aaron Rose, inda matasa masu zamiya da masu rubutun bango ke taruwa. A 2002 ya yi nuni a gidan fasaha na Palais de Tokyo da ke Paris. A 2004 aka buɗe babban baje kolin Beautiful Losers a birnin Sinsinati, wanda Aaron Rose da Christian Strike suka shirya, aka haɗa shi da masu zane irin su Barry McGee da Margaret Kilgallen da Mark Gonzales da Shepard Fairey. Daga nan kolin ya wuce San Faransisko, ya ci gaba da zagaye har Turai.  A 2010 gidan S.M.A.K. na birnin Gent a Beljiyam ya ba shi nuni shi kaɗai mai suna The Cemetery of Reason, wanda daga baya aka kai Nuoro a Italiya da Budapest a Hangari. A 2023 gidan Bonnefanten na Mastirik a Holan ya baje hotunan da ya ɗauka na rayuwar ƴan zamiya a kan hanya, ƙarƙashin sunan Wires Crossed.

Salon rataye aikinsa ma abin lura ne ga mai son ƙawata bango. Ba ya jera hoto ɗaya-ɗaya da tazara. Cusa su yake yi wuri guda, manya da ƙanana, hoto kusa da fenti kusa da zanen alƙalami, wani lokaci da rubutun hannunsa a jikin hoton. Allon zamiya guda a tsakiyar bango fayau yakan yi kamar ya ɓata hanya. Idan aka kewaye shi da wasu ƴan abubuwa sai ya zauna daram.

Sai dai a nan ne ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu tallar intanet ba za su faɗa ba. Abin da aka rataye a Gent ko Mastirik aikin hannu ne, kwafi ɗaya ko ƴan kaɗan, kuma zaurukan da ke wakiltarsa irin su Tim Van Laere a Antwerp da Roberts Projects a Los Anjalis ne ke sayar da irinsa. Allon da za a kawo maka Maradi bugun masana'anta ne, ana fitar da shi da yawa. Ba kadara ba ce da za ka ajiye ta yi tsada kamar fili a bakin titi. Darajarsa ita ce ka mallaki zanen mutumin da manyan gidajen fasaha suka karɓa, da kuɗin da bai kai na wayar hannu matsakaiciya ba. A wannan ma'aunin, kayan ya ci kuɗinsa. Kuma ba kowane allon kamfanin ne zanen hannun Templeton ba, don haka a karanta bayanin mai sayarwa kafin a biya.

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Alamomin Toy Machine halittu ne masu fuska: dodo mai ƙaho da haƙora, wata halitta mai ido ɗaya da suke kira Sect, da yaro mai siffar kunkuru. A gidaje da yawa na Maradi ba a rataye surar mai rai a falo, balle ɗakin da ake salla, kuma wasu ayyukan Templeton na baje koli suna nuna tsiraici. Duk wanda zai yi oda ya buɗe hoton allon ya duba shi da kyau daga hanci zuwa wutsiya, wato daga bakin gaba zuwa na baya. Akwai masu rubutun sunan kamfanin kawai, akwai mai dunƙulen hannu biyu da haruffa a yatsu. Waɗannan sun fi sauƙin shiga gida ba tare da Baba ko Inna sun ce a fitar ba.

Jikin allon katakon mapul ne mai tauri na Arewacin Amurka, falle 7 da aka manne da gam aka matse a injin. Falle 5 zarensu na bin tsawon allon, 2 kuma suna gicciye, shi ne ke hana shi tsagewa gida biyu. Kaurinsa wajen santimita 1, tsawonsa wajen santimita 81, nauyinsa ya ɗan haura kilo 1. Faɗi da inci ake aunawa: 8, ko 8.25, ko 8.5, wato daga santimita 20 da ɗoriya zuwa 21 da rabi. Yaro mai ƙaramar ƙafa 7.75 ya ishe shi. Saurayi mai koyo ya ɗauki 8.25, domin faɗin yana ba ƙafa wurin zama. Na bango kuwa, mafi faɗi ya fi nuna zanen.

Zanen kansa ba fenti ba ne da aka shafa da buroshi. A kan wata siririyar leda ake buga shi, sannan a bi ta da naɗi mai zafi a kan katakon, launin ya manne, a ɓare ledar. Idan ka kai allon bakin taga ka karkata shi, za ka ga launin ya kwanta sumul, babu tudu, kuma a wajen lanƙwasar hanci da wutsiya wani lokaci akan ga ɗan layi siriri inda ledar ta yamutse. Wannan ba lalacewa ba ce, haka irin wannan bugun yake. Launi yana fita tas, layin alƙalamin Templeton mai ɗan karkarwa yana nan yadda yake. Rauninsa guda: fatar launin ba ta da kauri, farce ma yana iya yi mata tabo, kuma fetur ko tina suna cinye ta nan take.

A Turai farashin allo tsirara, babu taya babu komai, yana tsakanin yuro 60 zuwa 75, wato jika 39 zuwa 49 a kuɗinmu, kafin kuɗin ɗauko da na duwan. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa ko Beljiyam. A gaya masa tun da wuri cewa santimita 81 ba ya shiga kowace akwati, sai a karkace, ko a naɗe shi da kwali daban. Ta wajen Najeriya kuma akwai shagon kayan zamiya na WAFFLESNCREAM a Legas, inda ya dace a tambayi taya da ƙananan kaya, a biyo da su ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Kowace hanya aka bi, kada a yarda a ɗaure allon a saman mota da igiya ƙarƙashin buhuna. Wuni guda a rana da nauyi a gefe ɗaya ya isa ya murɗe shi, kuma allon da ya murɗe ba ya komawa.

Ranar da ya iso, gwaji uku ake yi kafin a ce an karɓa.   A ɗaga shi a sa ido daga wutsiya zuwa hanci kamar mai duba sandar gora, gefe biyun su zama a layi ɗaya. Sannan a riƙe shi da yatsu biyu a ƙwanƙwasa: mai lafiya yana ba da sauti mai kaifi, tau, wanda gam ɗinsa ya saki kuwa sai ka ji dum, kamar ƙwarya mai tsaga. A duba gefen kuma a ƙirga falle bakwai, layukansu a matse babu rami. Na jabu yawanci a nan ake kama shi: katako fari mai laushi da farce ke shiga, ramukan ƙusa na ɗaura taya a karkace, launi ya yi dishi-dishi. Sunan ƙasar da aka buga shi ba hujja ba ne, domin manyan kamfanoni ma suna ba masana'antun Meziko da Sin aiki.

Wanda ya zaɓi bango, ga inda ake kuskure. Idan zanen ya fuskanci ɗaki, hanci da wutsiya suna lanƙwasa ne zuwa bango, tsakiyar kuma ta tsaya a iska. Mai gaggawa sai ya ɗaure sukuru tamau ta ramukan ƙusa, ya ja tsakiyar ta manne da bango, ya bar allon cikin matsi dare da rana. Abin yi shi ne a jingina shi da bango a auna tazarar da ke bayan ramukan sama, yawanci santimita 4 zuwa 5, a yanko guntun bututun ruwa siriri guda biyu daidai da wannan awon, su zama matashi tsakanin allo da bango. Ramuka biyun da ke jere a faɗin allon tazararsu milimita 41 ce. A huda bangon bulo da bakin milimita 6, a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a bango, a yi amfani da sukuru mai kaurin milimita 4 wanda tsawonsa ya isa ya ratsa allo da bututu ya shiga bango da santimita 3 ko 4. A sa ƴar wosha ta roba a ƙarƙashin kan sukurun don kada ya ci launi, a ɗaure da hannu, da ya tsaya a bari. Sukuru biyu na sama sun wadatar. A bangon ƙasa fisha ba ta kamawa, gara a zura igiya mai ƙarfi ta ramuka biyun a rataya a ƙusa doguwa, kuma a riƙa ɗaga allon ana leƙa bayansa, domin gara ba ta san darajar zane ba, katako kawai take gani.

Zaɓen bangon ya fi sukurun muhimmanci. Kada ya zama wanda rana ke duka ta taga, domin ja da ruwan ɗorawa su ne ke fara kodewa. Kada ya zama bangon yamma da ke ɗaukar zafi har bayan isha'i a watan Afrilu da Mayu, kada kuma ya yi kusa da rufin kwano. Katako yana shan danshi yana kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, kuma a garinmu tazarar da ke tsakanin iskar Agusta da ta Janairu babba ce ƙwarai. Wannan kai-komon ne ke buɗe bakin falle a gefe. Bangon cikin gida, a inuwa, nesa da randa da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, shi ne wurinsa. Ledar da ya zo a ciki, wasu masu tarawa suna barin ta, amma a zafinmu gara a cire: tana tsukewa, tana tara gumi, ƙura kuma tana shiga ta ramukan ta kwanta a ciki inda hannu ba ya kai. Shara da busasshen ƙyalle mai laushi, a kaɗe ƙurar tukuna kafin a goga, saboda ƙurar hunturu yashi ce, idan aka danna ta sai ta zama samfefa.

Wanda ya zaɓi hawa, aikinsa ya fi yawa, kuma kuɗin da zai ƙara zai iya wuce na allon. Yana buƙatar takardar samfefa mai gam ta saman allo da ke hana takalmi zamewa, inci 9 a 33, da ƙafafun ƙarfe biyu masu riƙe taya, taya 4, boris 8, ƙusoshi 8 da notinsu. Manna samfefar da safe ake yi ko a inuwa, bayan an goge saman allon sarai, domin ƙura kaɗan ta isa ta hana gam kamawa. A ɓare bayanta, a ɗora daga tsakiya ana dannawa zuwa baki don iska ta fita. A bi gefen allon da jikin sukudireba ana gogawa har farin layi ya fito, a yanke ta wannan layin da sabuwar reza daga ƙasa, wuƙar a ɗan karkace. Guntun da ya rage a goge bakin da shi don kada ya ɗago. Ramukan ƙusa daga ƙasa ake huda su da ƙusa siririya, sannan a zura na gaske daga sama.

Faɗin sandar taya, wato ƙarfen da ake zura tayoyi a jikinsa, ya yi daidai da faɗin allon. Idan ya gaza, allon yana saurin kifewa, idan ya wuce, ƙafar mai hawa tana taka taya wajen turawa. Akwai tarko a nan da ke cin mutane da yawa: duk zaren notin allon zamiya na awon inci ne, ba na milimita ba. Sandar taya tana kama da mai milimita 8, amma idan bakanike ya tilasta mata notin babur zai cinye zaren, kuma ƙafar ƙarfen ta tashi aiki ke nan. A sayo notin ajiya tare da kayan. Sifana 13 tana kama notin taya, 10 tana kama na ƙusoshin allo da ɗan sako-sako, amma babban notin da ke tsakiyar ƙafar ƙarfe milimita 14.3 ne, 14 ta matse, 15 ta yi yawa. Ƙaramin makullin nan mai siffar T da ake sayarwa tare da allo ya fi su duka, kuma ba shi da tsada.

Taya ita ce wurin da shawarar intanet ba ta yi mana amfani. Abin da ake yawan haɗawa da irin wannan allo shi ne milimita 52 zuwa 54 mai taurin 99A (lambar da ta fi girma ita ce taya mafi tauri), wanda aka yi don siminti mai santsi kamar faranti. A Maradi irin wannan daɓe sai filin ƙwallon kwando, ko barandar makaranta, ko tsakar gida mai sabon siminti. Ko can ɗin ma, tsakuwa guda kamar ƙwayar gero babba tana tsayar da taya mai tauri cak, allon ya tsaya, mai shi ya wuce. Don haka tsintsiya tana cikin kayan wasa, a share fili kafin a hau. Wanda ke son ya yi tafiya a kan kwalta mai kaushi ya nemi taya mai laushi, 78A zuwa 87A, milimita 56 zuwa 60, tana haɗiye ƙananan duwatsu. Amma babbar taya tana taɓa ƙasan allo a kwana ta ƙwace shi, musamman da rana tsaka lokacin da robobin cikin ƙafar ƙarfen suka yi laushi saboda zafi. Maganinsa a sa matashin roba mai kaurin milimita 3 tsakanin ƙafa da allo, a canza ƙusoshi daga inci 1 zuwa inci 1 da kwata, a ƙara wa babban noti rabin juyi. A kan yashi da jar ƙasa babu tayar da za ta yi aiki. Babban titi kuma, mai manyan motoci da kabu-kabu, ba wurin wasa ba ne ko ga gwani. Mai koyo ya sa hular kwano da abin kare wuyan hannu, domin da tafin hannu ake fara faɗuwa.

Abin farin ciki guda shi ne boris. Lambarsa 608, rami milimita 8, faɗi 22, kauri 7, irin wanda ke cikin ƙananan injuna da yawa, kuma masu sayar da kayan gyara sun san shi. A nemi mai murfin roba, wanda aka rubuta wa 2RS, ya fi mai murfin ƙarfe hana ƙura. Kowace taya tana cin biyu, da ɗan bututun milimita 10 a tsakaninsu da wosha a kowane gefe. Idan babu bututun, ɗaure noti yana matse boris ya hana shi juyawa. Da ka ji taya ta fara ƙara kamar ana niƙa, yashi ya shiga. A ɗaga murfin da allura, a jijjiga boris ɗin cikin kananzir a ƙaramar kwalba, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu, a mayar da murfi. Ɗigo biyu, ba fiye ba. Man da ya yi yawa yana tsatsowa waje ya kama ƙura, cikin mako guda ya zama taɓo. Da hunturu, mai hawa kullum zai yi wannan wankin kusan duk sati biyu.

A ƙarƙashin ƙafa, allon yana da tauri da tsalle mai kyau yayin da yake sabo, lanƙwasarsa kuma matsakaiciya ce, ba ta gajiyar da tafin ƙafa. Abin da ke kashe shi da wuri a nan abu biyu ne. Na farko birki da wutsiya a kan siminti mai kaushi: katakon yana cinyewa har ya yi kaifi kamar aska, tsallen ya mutu, kuma yana yanka ƙwauri. A koyi tsayawa da tafin takalmi. Na biyu ruwa. Allon da ya shiga kududdufi da damina, ko aka jingine a inda ake alwala, yana shan ruwa ta ramukan ƙusa da wuraren da suka kankare, ya yi nauyi, sautinsa ya dushe. Idan ya jiƙe a kwance ƙafafun, a goge, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a sa shi a rana. Idan falle ya fara buɗe baki a hanci, a ɗura farin gam na kafinta da tsinke, a matse da maɗauri tsakanin guntayen katako biyu, a bar shi awa 24.

Ga mai koyo da bai taɓa hawa ba, wannan allon ya yi masa tsada. Ya fara da wanda ba shi da zane, katakon iri ɗaya ne, kuɗin ya fi sauƙi, ya sa rarar a taya mai kyau. Ga ɗalibin zane, ko mai buga riguna, ko mai rubutun allon shago da ke son ganin yadda layin hannu ke zama a kan katako mai lanƙwasa, allon Templeton guda a bangon wurin aiki ya cancanci jika arba'in ɗin da ƴan kai. Wanda kuma yake son duka biyun, ya yi odar guda biyu a kwali ɗaya, fuskar zane tana kallon fuskar zane da takarda a tsakani, kuɗin ɗauko kusan ɗaya ne.